Rabon Dawa a Talladjé

A shekarar da fari ya sake dawowa, soja na da shekara goma a kan mulki, mutanen unguwar Talladjé ta Yamai suka zaɓi Mijinyawa tela ya shugabanci komitin rabon hatsin taimako. Mutumin Dogon Dutsi ne, amma ya daɗe a Yamai, kowa ya san bai taɓa cin ƙyallen wani ba.

Ajidan Oumarou, wani jami'in soja, ya kawo kamiyo guda, babbar mota cike da jar dawa, aka sauke a filin lakwal, wato makarantar boko. A bayan unguwar kuwa akwai bukkokin mutanen da yunwa ta koro daga arewa, dabbobinsu sun ƙare, sun iso da tabarmi da tukwane.

Mijinyawa ya tambaye shi, "Ajidan, har da baƙin nan za a raba?"

"Buhunan ke nan, babu ƙari a wannan wata. Ku jama'a ku yanke."

Aka kira taro bayan la'asar. Halidu mai shago ya miƙe ya ce duk wanda ba shi da gida a unguwa ba shi da rabo, domin in aka ba baƙi yau, gobe ƙauyukansu duka za su taso. Wata mata daga bukkokin, Hamsatu, ta yi magana da Zabarmanci, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta ce ta binne yaro ɗaya a hanya, saura biyu. Mutane suka sunkuyar da kai. Mijinyawa ya tuna musu cewa rabinsu da kwando a ka suka shigo garin nan. Da aka ce a ɗaga hannu, sai ya ga hannuwa sun tashi bayan Halidu, har na maƙwabcinsa da suke sallah sahu ɗaya. Bai iya kiransu mugaye ba. Ya san gidajen da ake kwana ba a ɗora tukunya ba.

Washegari ya hau kekensa zuwa Plateau, unguwar ofisoshin gwamnati. Ya wuni a kan benci kafin wani jami'i ya saurare shi a tsaye.

"Malam, jama'a sun zaɓa. Gwamnati ba ta shiga."

Mijinyawa ya fito ransa yana tafasa. Shekara goma ba a nemi ra'ayinsu ba ko a kan rijiya, sai yau da ake neman mai ɗaukar alhaki.

A gida ya gaya wa matarsa Ramatu zai ajiye aikin.

"Ka ajiye, Halidu ya karɓa? Wanda zai auna wa danginsa da babbar tiya?"

"To in auna wa masu gida, masu yunwa suna kallona?"

"Mu ma masu yunwa ne, Malam."

Haka ya tsaya a filin lakwal yana awo, baƙin suna zaune a inuwar katanga. Da yamma ya raba nasa kason biyu, ya kai wa Hamsatu rabi. Ramatu ta kwana biyu ba ta yi masa magana ba. Hamsatu ta yi godiya, ta juye dawar a tukunya ɗaya da matan bukkoki huɗu, dawar ta ƙare kafin Juma'a.

Ya yi ta bin gidaje yana roƙon a sake ƙuri'a idan kamiyo na gaba ya zo. Wasu sun fara saukowa. Sai wata safiya motocin soja suka zo suka kwashe baƙin, aka ce za a mayar da su ƙauyukansu su jira damina. Mijinyawa ya iske bukkokin babu kowa, bai san ko wace mota Hamsatu ta shiga ba.

Da wata ya kama aka sake zaɓen komiti. Ya ce a cire sunansa, ba wanda ya saurare shi. Halidu da kansa ya fara ɗaga hannu, yana cewa unguwa ba ta taɓa samun mai adalci irinsa ba. Mijinyawa ya dube shi, ya tashi ya koma shagonsa.