Kunyar da Aka Ɗaure wa Tsumma

Da ɗanta Leli ya sauke ta daga mota, Vitorin Saliba ba ta bi ta ƙofar gaba ba. Sati uku ta yi a asibiti bayan aikin da aka yi mata a ƙugu, kuma duk kwanakin nan hankalinta na kan lambunta. Ta dogara sanda ta bi lungun gefen gida, Leli na biye da jakarta yana cewa ta zauna tukuna ta sha shayi, matarsa Kerryn na biye da shi tana murmushi kamar mai ɓoye kyauta.

A ƙasar nan tsakiyar shekara ake sanyi, ya riga ya tafi, Nuwamba ta yi nisa. Inabi ya rufe rumfa da sabon ganye, ɓaure ya fara 'ya'ya, lemun tsami ya zubo ƙasa ba mai tsinta. Tumatir ɗin da ta dasa kwana biyu kafin a kwantar da ita ya kama, an ma kafa masa sanduna. Duk ta gani. Sai ta dubi kunyar ƙarshe da ke jikin shinge.

Babu wake. An tumɓuke shi kaf, an baje wurin, an zuba ɓawon itace irin na shago, an jera furanni ja da fari a tsakiya kamar ƙofar banki.

Kerryn ta ce Leli ne ya share wurin, ita kuma ta dasa furannin, don Mama ta riƙa hango abu mai kyau daga tagar kicin tunda ba za ta iya sunkuyo ba yanzu. Leli ya ƙara da cewa ai waken ya riga ya mutu, ya yi baƙi ƙirin, ganyen duk tsatsa.

"Tsummokaran da ke jikinsa fa?"

Ya ce ya gansu.

"Ka gansu. To ina ka kai shi?"

Durom ɗin ciyawa ya zuba, motar shara ta kwashe tun ranar Alhamis ɗin da ta wuce.

A gidan nan aka haifi mutumin nan. Shekararsa hamsin da biyu. Tun yana rarrafe yake ganin uwarsa tana yayyaga tsohon zane tana ɗaura wa tsirran da suka fi ƙarfi a kunyar ƙarshe, kuma sau nawa ya sha mari a hannu don ya miƙa zai tsinki kwanso a jikinsu. Sauran kunyoyin na ci ne, a tsinke su ɗanye a yi miya. Mai tsumma kuwa ba a taɓa shi. Barin sa ake ya yi muni, ya yi baƙi, ya bushe a tsaye, sannan a ɓare a adana iri. Waken ful ne ƙarami, ja mai duhu, wanda uwar Vitorin ta taho da shi daga tsibirin Gozo a cikin safa lokacin da suka hau jirgin ruwa suka yo ƙaura zuwa ƙasar nan, kuma shekara sittin da wani abu ba a taɓa fasa shuka shi a nan unguwar St Albans ba. Ragowar da ke kwalba ƙwari sun lalata bara, don haka abin da ta tsira da shi duka ta zuba a ƙasa a watan Afrilu. Ba ta da ko ƙwaya ɗaya a ɗaki.

Ba ta yi ihu ba. Ta shiga ciki, ta ƙi shayin, ta ƙi miyar da Kerryn ta dafo. Ta zauna, ta tashi, ta je taga, ta ga furannin, ta dawo. Likita ya ce ta riƙa ɗan takawa, ranar sai da ta taka na wata guda tsakanin kicin da falo.

Washegari Leli ya zo da takardar iri guda uku daga babban shagon kayan lambu, masu hoton wake kore shar a jiki. Ya ce ya tambaya, an ce wannan ya fi kowanne yawan 'ya'ya. Ta juya takardar gaba da baya, ba don ta karanta ba, ita da boko ba su taɓa haɗa hanya ba, tana da shekara goma sha huɗu ta shiga masaƙa. Ta girgiza ta a kunne, ta yaga ɗaya, ta zubo ƙwayoyin a tafin hannu. Manya-manya, farare, kamar haƙoran jaki. Ta mayar masa.

Ya ce ya yi kuskure, ta yi haƙuri. Ta ce haƙuri ba ya tsirowa. Ya ce to me take so ya yi, ya bi motar shara ne? Ta ce da zai yiwu da ya bi. Tunda ba zai yiwu ba, ranar Asabar ya zo da mota tun da safe, kada ya ce mata yana da kallon ƙwallo. Ta rarraba irin nan ga mata da yawa a shekarun baya, a ƙofar coci, a wurin biki, a wurin makoki. Shi ya zubar, shi zai kai ta gida gida har a samo.

Kwana uku kafin Asabar ta hana kowa sakat. Ta sa Kerryn ta yi ta buga waya. Wannan ta rasu, waccan tana gidan kula da tsofaffi ba ta gane kowa, 'ya'yan wata sun ce ba su san zancen wani wake ba, sun malale filin da siminti. Vitorin ta zazzage kowace kwalba da gwangwani a rumfar kaya, har aljihun tsohuwar rigar aikin marigayi mijinta ta laluba. Ƙusoshi ta samu da igiya.

Ranar Asabar gida na farko da suka je babu shi ma. An rushe, an tayar da ɗakunan haya huɗu a wurin, ko ciyawa ɗaya babu. Na biyu wata yarinya ce ta buɗe ƙofa da jariri a kafaɗa, ta ce bara suka saya, lambun kuma sun mai da shi wurin ajiye mota. Leli na tuƙi yana kallon gabansa. Ita ce ke magana, tana nuna masa gidaje da sanda ta cikin gilashi, tana faɗin wanda ke da zaitun a da, wanda ke da zomaye, wanda 'ya'yansa suka sayar tun kafin ƙasar kabarinsa ta kwanta. Ta ce shi ma ta san abin da zai yi da nata, ya dai jira ta rufe ido tukuna.

Saura Pawlina Mifsud. Tare suka yi aiki a masaƙa, kuma kusan shekara tara ba sa gaisawa sai ta kama dole, saboda wata magana da Pawlina ta yi a kan auren Leli. Vitorin ta daɗe a mota kafin ta ce ya buɗe mata ƙofa.

Pawlina na ban ruwa a gaban gida, ta ƙara ƙiba, hular mijinta a kanta.

"Ashe ba ki mutu ba," in ji ta. "An ce mini an sa miki ƙarfe a ƙugu."

"An sa. Ke ma da za a sa miki a baki da unguwa ta huta. Wakena nake nema."

Pawlina ta dubi Leli, ta dubi uwarsa, ta gane ba sai an faɗa mata ba. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce wannan ne injiniyan da ake yi mana fariya da shi? Leli ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin mota. Amma Pawlina ta kashe ruwan ta ja su ciki, ta ce wake kam tana da shi, kowace shekara tana shukawa, kuma daga hannun Vitorin ya fito.

Vitorin ta gyara riƙon sandarta. Ta bi ta da sauri har ta manta da ciwo. A rumfa Pawlina ta sauko da tire cike da irin bana da ta riga ta ɓare tana shanyawa.

Vitorin ta tsoma hannu ta ɗebo. Wasu manya, wasu matsakaita, wasu fari-fari, wasu da ɗan ja kamar an wanke shi. Ta tambaya ko ta taɓa shuka na shago kusa da shi. Pawlina ta ce to, wata shekara da bai isa ba ta cika kunya biyu da na takarda, mene ne a ciki? Wake ai wake ne.

"Ƙudan zuma ba su gaya miki mene ne a ciki ba? Sun tashi daga wancan sun sauka a wannan, shekara da shekaru. Kin haɗa masa dangi da bare, Pawlina. Wannan ba na uwata ba ne."

Pawlina ta ce ita dai tana ci tana ƙoshi, kuma wadda ta zo roƙo ba ta zaɓe. Duk da haka ta ƙulla mata cikin hannu biyu a leda, ta tura wa Leli a aljihu, ta ce idan girman kan ya sauka a shuka.

A hanyar komawa Vitorin ba ta nuna gidan kowa ba. Rana ta yi sama, ƙugun ya fara zugi. Leli ya tsaya a wutar hanya, ya ce shi fa bai yi da mugunta ba. Ya ce ranar ma wahala ya sha, tsirran sun fi shi tsayi, bushewa ta sa sun yi ƙarfi, da ƙyar ya jawo su ta lungu zuwa durom a ƙofar gida, suna ta ƙara kacau-kacau a kan siminti har karen maƙwabta ya dinga haushi.

Ta juyo gaba ɗaya, abin da likita ya hana.

"Ƙara suka yi?"

Ya ce eh.

"Kacau-kacau, ko dai ganye ne ke shafar ƙasa?"

Ya ce a'a, kamar tsakuwa a gwangwani.

Ta ce ya taka mota. Kwanson da ke ƙara ya nuna, kuma kwanson da ya nuna ba a jan sa a kan siminti bai fashe ba. Tun ranar da ta dawo take kuka da durom, ba ta tambayi sakaran yadda ya kai su durom ɗin ba.

Da suka iso ta sa aka fito mata da kujera aka ajiye a bakin lungu. Kerryn ta zo da abincin rana ta tarar da mijinta a durƙushe da wandonsa mai kyau, yana bin tsagar siminti da cokali. Vitorin ta ce mata furannin za su tashi, don ɓawon itacen da ke ƙarƙashinsu sai an kwashe an tankaɗe ƙasar. Fuskar Kerryn ta canza, ta ce yini guda ta yi tana dasa su. Vitorin ta ce ta sani, kuma ba ta ce a zubar ba, ita ba irin wasu ba ce. Akwai gwangwanayen man zaitun a rumfa, ta huda musu gindi ta mai da furannin ciki a jera a bakin taga. Kerryn ta ajiye kwanon ta tafi neman ƙusa da guduma.

Leli ya bi lungun taku taku. Ya ɗaga murfin magudanar ruwa, ya zura hannu cikin laka. Ya kwashe ɓawon itacen da manjagara, ya cika rariya da ƙasa yana girgizawa, uwarsa na cewa a hankali, ba yashi yake tankaɗewa ba. Duk abin da ya tsinta sai ya kawo mata ta duba. Kashin zomo ne, tsakuwa ce, ƙwallon zaitun ne. Ta yi tsaki ta jefar. Sau biyu ya miƙe ya riƙe baya ya ce babu komai a nan, Mama. Ta ce bai kai gindin shinge ba.

Wake na farko a gindin tukunyar fure ya same shi, ƙarami, ja mai duhu, da baƙin ido a gefe. Bai kawo mata da yatsa biyu ba kamar sauran, a tafin hannu ya ɗauko shi. Ta karɓa, ta danna da farce, ta ji tauri. Ta sa shi a cinyarta.

Kafin inuwar ɓaure ta kai bakin lungu sun zama goma sha ɗaya. Huɗu sun sha ruwan da Kerryn ke ba furanni, sun kumbura, ɗaya har ya tsage ya fito da farin tsiro a lokacin da ba nasa ba, zafin Disamba zai kashe shi. Biyu sun motse, ba su gama nuna ba aka tumɓuke su. Biyar ne lafiyayyu.

Leli ya zauna a ƙasa, gwiwoyinsa duk laka, ya tambaya ko biyar za su isa.

Ta ce ba ta sani ba. Sai Afrilu in an shuka, in dodon koɗi bai cinye ba, in tana raye. Ko sun fito ba mai cin ful a gidan nan baɗi, duka na iri ne, kuma shi zai zo ya ɗaura musu tsumma da hannunsa tunda ita ba ta sunkuyo.

Ya ce ya ji. Ya fara tattara rariya da manjagara.

"Wa ya ce ka gama?" Ta nuna ƙofar gida da sanda. "Inda durom ɗin ya tsaya, akwai ciyawa a wurin. Ba ka duba ba."