Katin Jidda

Motar Rano ba ta gama tsayawa a tashar Kibiya ba Saudat ta zuro ƙafa waje. Ranar kasuwa ce, sai da ta ratsa buhunan masara da kwandunan tumatir kafin ta kai rumfar Gwaggo Jumai, ƙanwar babanta mai sayar da kayan miya. Ta gaishe ta, ta ja kujera 'yar tsuguno ta zauna daga ciki, inda take hango shagon gem ɗin Khalid a tsallaken titi, wurin da samari ke biya su buga wasan bidiyo.

"Yau kuma zumunci ne ya motsa?" in ji Gwaggo, tana kallonta ta wutsiyar ido.

"Akwai abin da na zo gani, Gwaggo."

Khalid tsohon mijin Saudat ne, injin gem ɗin da yake ci da shi kuwa guminta ne. Shekara huɗu ta yi a Jidda tana jinyar wata tsohuwa. Jikokin gidan ne suka koya mata wasan, suka buɗe mata akawun da layinta na Saudiyya. Da za ta dawo ta sayi injin, ta cika akawun ɗin da wasanni, ta kawo wa mijinta ko ya daina zaman kashe wando. Shago ya kafu, Khalid ya ajiye tumbi, sai ya fara jin kunyar a ce matarsa 'yar aikatau ce. Wata uku da 'yan kwanaki ke nan da ya miƙa mata takardar saki ɗaya.

Ranar kwasar kaya, da aka ɗaure gado da kwanuka, ta ce saura inji. Kawun Khalid ya gyara zama ya ce kayan ɗaki kowa ya san su, shi bai taɓa jin an jera wa mace abin wasan samari ba. Aka kwashe da dariya, babanta ma ya ce ta yi haƙuri. Dariyar nan ce ta kasa mantawa. Ta yi wa kanta alkawari: a gaban jama'a aka yi mata, a gaban jama'a za ta rama.

Ba wanda ya tambayi yadda injin yake aiki, ita ma ba ta yi wa kowa karatu ba. Akawun ɗin ɗan Saudiyya ne, ba a sake masa ƙasa. Rajistar buga wasa ta intanet ba ta karɓar kati sai na can. Ƙawarta Fanta ce ke saya a Jidda ta turo lambobin, Saudat ta saka. Khalid bai taɓa cewa daga ina ba, kamar yadda bai taɓa tambayar wa ya daka tuwon da yake ci ba. Rajistar ta ƙare yau da safe. Yau ɗin kuma Khalid ya sa wa kansa ranar gasar ƙwallon gem, samarin Kibiya za su kara da na Kano ta intanet, kansila ya ba da kofi.

Bayan azahar shago ya cika har bakin titi. Aka ajiye wa kansila kujera a gaba, kiɗa yana tashi. Can sai kiɗan ya tsaya. Khalid ya fito da waya a kunne, hannu ɗaya riƙe da katunan da ya sayo a Kano jiya, yana yi wa wanda ya sayar masa faɗa.

"Na Amurka kamar yaya? Kati ai kati ne, malam. Duka ukun na kankare, injin ya ce ba na ƙasar ba ne." Ya saurara, ya share gumi da hula. "Wace ƙasa kuma? Ba a Kibiya injin yake ba?"

Saudat tana jin komai daga cikin rumfa. Daɗi ta ji, kuma ba ta yi istigfari ba.

Yana juyowa ya hango ta. Ya ɗan tsaya, sannan ya tsallako, samari biyar-shida na biye da shi.

"Gwaggo, barka da kasuwa." Bai jira amsa ba. "Saudat, Allah ne ya kawo ki. Ya ake saka abin nan?"

"Malam Khalid, ina yini."

Ya ɗan razana. Tun da aka ɗaura musu aure Yaya take ce masa, sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba.

"Ba lokacin wannan ba ne. Kansila yana zaune."

"Katin Jidda yake ci. Ni nake sa a turo."

"To ki sa a turo yanzu. Ko nawa ne."

"Ina ruwan mace da abin wasan samari?"

Wani daga cikin samarin ya toshe baki. Masu sayen tattasai suka daina ciniki. Khalid ya dubi shago, ya dubi taron da ya fara kewaye rumfar, sai ya miƙe kafaɗa irin ta wanda ya tuno yana da sanda a bayan ƙofa.

"Jama'a ku shaida. Saki ɗaya na yi mata, kuma na mayar da ita ɗakinta. Yanzu matata ce." Ya miƙo hannu. "A matsayina na mijinki, kira ƙawar taki."

Gwaggo Jumai ta ajiye mudun da ke hannunta a hankali.

"Ɗan nan, ka makara. Iddarta ta cika tun Litinin, uwarta ta aiko min. A wannan kuwa maganar mace ake bi, je ka tambayi liman."

Dalilin shirun da Saudat ta yi duk watannin nan ke nan. Tun ranar kwasar kaya tana iya rufe akawun ɗin, amma ta san muddin tana cikin idda, kalma ɗaya ta ishe shi ya jawo ta. Don haka mako ɗaya bayan sakin ta saka masa katin wata uku da hannunta, ta bar shi yana ta cin kasuwa.

Ta yi zaton a nan za ta yi dariya. Dariyar ba ta zo ba. A watan farko, duk sallamar da aka yi a ƙofar gidansu sai ta leƙa, ko shi ne ya zo ya faɗi kalmar nan. Ga shi ya faɗe ta yau, saboda kati. Wannan ya fi sakin yi mata ciwo.

"Da a watan farko ka faɗa, Malam Khalid, da inji na biyu zan sayo maka."

Ta ciro wayarta, ta sake lambar sirri, ta danna inda ake cire inji daga akawun. Ba a daɗe ba hayaniya ta tashi a tsallaken titi, wani yana kiran Khalid ya zo ya gani, duk wasannin sun kulle. Kansila ya fito da kofinsa a hammata, yana neman direbansa.

Khalid bai motsa ba. Wata mata da ke bayansa riƙe da kwano ta ce, "Malam, in ba saye za ka yi ba, ɗan matsa."

Ya matsa.