Kwamfutar Malam Idirisu

Lauratu ce ke kula da na'urori a wata 'yar cibiyar koyon kwamfuta da ke unguwar Takur a Dutse. Yawancin ɗalibanta ba su da kwamfutar kansu, saboda haka ta yi musu dabara. Akwai babbar na'ura guda a ɗakin baya, mai iya ɗaukar ƙananan kwamfutoci a cikinta, waɗanda ba a taɓa su da hannu, sai dai a gan su a allo. Ta shirya guda ɗaya tsaf, ta zuba mata duk manhajojin karatu, ta ajiye ta a matsayin samfuri. Duk ɗalibin da ya zo, sai ta kwafo masa tasa daga samfurin, ta sa mata sunansa.

Cikin ɗaliban akwai Malam Idirisu, dattijo mai furfura a gemu, malamin makarantar 'ya'yan makiyaya a wajen Garki. Duk Asabar yake shigowa Dutse a bas. Da farko ko linzamin kwamfuta ba ya iya riƙewa, amma kafin damina ya fara haɗa darussan koyon karatu da Fulatanci. Yakan bi ruga-ruga yana ɗaukar muryoyin tsofaffi da yara a waya, ya kawo ya juye a kwamfutarsa, ya goge na wayar don a sami wuri.

Lauratu ta sha yi wa mai cibiyar maganar a sayi ma'ajiya ta biyu, a riƙa kwafe aikin ɗalibai. Kullum amsarsa ita ce a bari tukuna.

Wata Laraba da hantsi aka kawo wuta da ƙarfi. Ta ji ƙaurin ƙuna tun daga ƙofa. Mai gyara ya zo ya buɗe babbar na'urar, ya duba ma'ajiyar da kwamfutocin ɗalibai suke, ya girgiza kai. Samfurin kaɗai ya tsira, don yana wani faifai daban.

Da aka tayar da na'urar, ta zauna tana kwafo sababbi, ɗaya bayan ɗaya. Aikin bai ɗauke ta lokaci ba, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan.

Ranar Asabar Malam Idirisu ya yi sallama, ya zauna a kujerarsa, ya ga sunansa a allo kamar kullum. Ya buɗe, ya daɗe yana dubawa.

"Malama, ina darussan?"

Ta gaya masa komai, ba ta ɓoye ba.

"Amma ga ta nan, har da sunana."

"Sabuwa ce, Baba. Kamar ranar da ka fara zuwa. Sai dai mu sake daga farko, ni zan taya ka."

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "Mutanen sun tashi, Malama. Sun yi kudu da shanunsu, ba kuma dawowa za su yi ba. Tsohuwar da ta yi mini waƙar haruffa ta rasu bayan Sallah."

Shi ne ma ya ba ta haƙuri, ya ce haka Allah ya so, ya yi mata godiya, ya fita neman bas tun kafin a fara darasi.

Asabar ta zagayo bai zo ba, ta gaba ma haka. Ta kira shi, ya ce yana gona, zai leƙo in an sami hali. Da aka ɗebi sababbin ɗalibai wuri ya yi kaɗan a na'urar, mai cibiyar ya ce a share duk wadda ba a amfani da ita. Lauratu ta yi ta ja masa rai har ƙarshen wata, sannan ta share ta Malam Idirisu.