Bindigar Sifis a Ruwan Lemon Tsami

Shekara arba'in da ɗaya Argiro ta yi a gidan mijinta Sifis, ba ta taɓa kai hannu kan bindigarsa ba. A ƙauyukan dutsen Sfakiya wannan ba hurumin mace ba ne. Ita dai ta san 'yar ƙarama ce da aka shafe da ruwan farin ƙarfen nan nikel, fara ƙal, kuma duk Lahadi yakan zauna a gindin zaitun da tsumma mai laushi da ɗigon mai yana lallaɓa ta. Da ciwo ya ci ƙarfinsa, wasiyya ɗaya ya bar mata: ranar auren ɗansu Pavlis ita za ta miƙa masa bindigar da hannunta, ya harba sama a ƙofar coci.

Saura kwana uku biki ta buɗe akwati, ta tarar bindigar ta yi dishi-dishi. Argiro kuwa ba ta iya ganin ƙarfe ya dushe ta ɗauke kai, tukwanen tagullarta har fuska ake dubawa a jikinsu. Ta matse lemon tsami, ta barbaɗa gishiri, ta jiƙa bindigar tun safe har ta gama gasa burodin biki, sannan ta bi ta da soson ƙarfe. Sai farin ya fara ɗagowa kamar ɓawon albasa.

Ta naɗe ta a gyale ta nufi shagon Lefteris, ƙanin mijinta, mai gyaran bindigogi.

"Matar yaya, miya kika so ki yi da ita?" Ya fara dariya, da ya juya bindigar sai dariyar ta ɗauke.

"Lemo ne kawai da gishiri."

"Nikel ba tukunya ba ne. 'Yar fata ce a kan ƙarfe, tsumma da mai ne abincinta. Tsami ya samu ƙofa ya shige ƙarƙashi."

"Za ta gyaru?"

"A birnin Haniya za su kankare ta su sake mata ruwan nikel. Wata guda, ta dawo sabuwa fil, kamar ba wanda ya taɓa riƙe ta." Ya shafa gefen mariƙin, muryarsa ta yi ƙasa. "Nan a da akwai wurin da ya dushe, inda babban yatsan yaya ke zama. Ba na ganinsa."

Ranar jana'izar Sifis Argiro ba ta yi kuka ba, mutane har sun yi ta yaba mata. Yanzu baƙin cikin ya taso mata gaba ɗaya, ta dafa teburin shagon.

"Nan na fi dirzawa," ta ce. "Na ɗauka datti ne."