Ranar da Karaka Ta Zo Gayya

Gonar Asabe ita ce ta ƙarshe a bakin hanyar ruwa, kuma duk wanda ya taɓa noma a Jazira ya san sai kowa ya sha ya ƙoshi kafin ragowa ta iso wa na ƙarshe. Bana ko ragowar ba ta iso ba. Ciyawa da laka sun toshe 'yar tur'a, wato magudanar ruwan da ke ratsa gonakin ƙauyen, dawarta ta fara naɗe ganye, ga shi tun rasuwar mijinta wannan dawar ce abincin gidan har shekara ta zagayo.

A zamanin marigayi Ɗan'auta, mijin nata, wannan ba abin tashin hankali ba ne. Shi ne mai kiran gayya, wadda Larabawan makwabta ke ce wa nafir. Zai tsaya ƙofar masallaci bayan Juma'a ya ɗaga murya, washegari maza su dira cikin laka da shebur da lauje, Asabe kuma ta ɗora tukunyarta da sai da taimako ake sauke ta. Yanzu fa? Wannan raksharsa, keken haya mai ƙafa uku, na jiransa a birnin Madani, wancan yana jami'a, rabin samarin kuma suna Saudiyya, har da ɗanta tilo, Sharfuddeen. Da ta roƙi Malam Sodangi, abokin marigayi, ya yi kira, tsofaffi ne 'yan kaɗan suka fito, suka yi hirar ciwon baya suka watse.

Ana haka sai ga Mujtaba, ɗan ƙanenta, ya shigo da waya a hannu yana fara'a.

"Halas, Goggo, magana ta ƙare. Sharfuddeen ya tada ta a gurub ɗinmu na waya, kowa ya turo abin da ya samu. Ran Asabar karaka za ta zo daga Madani ta yashe tur'a."

Asabe ta san karaka, ƙatuwar motar haƙa mai dogon hannu, tun ba a haifi Mujtaba ba. Abin da ba ta sani ba shi ne yaushe mota ta fara zuwa gayya. Da ɗanta ya kira da yamma yana jiran a sa masa albarka, sai ta ce, "Ubanka da ƙafa tai ya kan shiga laka, kai kuwa da ɗan yatsa kan waya." Sharfuddeen ya yi sallama a sanyaye. Ta san maganar ta soke shi, amma Asabe ba ta cikin masu saurin janye magana.

Ranar Asabar da sassafe ta sa aka jawo tsohuwar tukunya daga bayan rumbu.

"Ya Goggo, mutum guda ne fa, direba!" in ji Mujtaba.

"Ni ban iya tuwon mutum guda ba. Matsa min."

Ta tuƙa tuwon dawa, ta kaɗa miyar busasshiyar kuɓewa da busasshen nama, jikarta Huda na kwasa suna jerawa a manyan farantai.

Abin haushi, mutanen da suka rasa lokacin gayya duk sun sami lokacin kallo. Ƙauyen kaf ya fito bakin tur'a, jallabiyoyi farare ƙal, wayoyi a sama. Gaskiya kuma karaka ta yi aiki. Abin da maza kan kwana biyu a kansa ta lashe shi kafin rana ta take, har Asabe ta ji kunya ta fara kama ta.

Sai direban, wani Yahya mutumin Rufa'a, ya kashe inji ya sauko. Daga nan tur'ar ta matse, ta bi ta gefen tsohuwar maƙabarta, inda aka binne kakannin da suka taka daga ƙasar Sakkwato da ƙafa.

"La, ya jama'a," ya ce yana girgiza kai. "Ba na sa karaka kusa da kabari."

Ba wanda ya yi masa musu. A hoton da samarin suka duba cikin waya, wurin bishiyoyi ne kawai. Bayan wannan guntun da ya rage kuwa ba gonar kowa sai ta Asabe. Mujtaba ya sunkuyar da kai, jama'a suka fara gyara rawani za su watse. Asabe ta hango dawarta can nesa.

A al'ada, tuwon gayya sai an fito daga laka ake ganinsa. Ranar nan Asabe ta juya al'ada.

"Huda, a fito da abinci. Bayin Allah sun sha rana."

Wa zai ƙi? Aka zazzauna ƙarƙashin inuwar darbejiya, aka naɗe hannun riga, ba ka jin komai sai santi. Malam Sodangi ya ci nasa a natse yana satar kallon Asabe, don ya riga ya gano inda ta dosa. Da farantai suka yi fes, ya miƙe ya share gemu.

"Alhamdu lillahi. To, abin da kunka ci, tuwon gayya na. Tun da kakanninmu sunka zo ƙasar ga, ba a taɓa yin wanda ya ci shi ya koma gida da busasshiyar ƙafa ba."

Ustaz Lukman, malamin makaranta, ya ce shi ɗanɗanawa kawai ya yi.

"Har ƙari ya nema, Kaka," in ji Huda.

Dariya ta ɓarke, kuma dariyar ce ta ƙarasa aikin. Aka tuɓe jallabiyoyi aka rataye a reshe, aka ruga gidaje ɗauko shebur. Samarin da ba su taɓa riƙe lauje ba suna zamewa suna faɗuwa, tsofaffi na bakin gaɓa suna koya musu da ihu. Har Yahya direba, da shi ma ya ci, ya naɗe wando ya shiga. Kafin la'asar ruwa ya biyo, ja da laka, ya kwanta a gindin dawar Asabe.

Tana tsaye tana kallo Mujtaba ya miƙo mata waya da hannu duk taɓo. Ashe tun safe Sharfuddeen ke biye da su ta bidiyo, daga bayan shagon da yake aiki. Ta ga ya rame. Ta tuna tun yana ƙarami shi ne kan fara dira cikin tur'a bayan ubansa, kuma ba son ransa ne ya kai shi can ba. Ba don shi ba, da ko rabin laka ba a kwashe ba yau.

"Inna, ruwa ya iso?"

"Ya iso. Allah shi yi ma albarka, ɗan nan."

Ya yi murmushi. "Ƙanzon fa? Wa anka ba?"

A kowace gayya, ƙanzon gindin tukunya nasa ne. Asabe ta waiwaya ta dubi ƙaramin kwanon ƙanzon da ta rufe tun da safe ta ajiye gefe, ba tare da ta tambayi kanta na wa ne ba. Hawaye suka cika mata ido.

"Ba wanda anka ba," ta ce. "Shanya shi za ni yi. Ƙanzo ba ya lalacewa, sai ka zo."