Mai Ɗaukar Inna

Shekara shida Auta na jinyar mahaifiyarta a ɗakin ƙurya. Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da Inna, idonta ya daina jure haske. Rana na ratso labule sai hawaye. Auta ta ninka bargo ta toshe tagar, ita ma ta tare a ciki. Cefane aiko musu ake yi. Ko shanya a falo take yi, don kada Inna ta kira ba ta kusa.

Duk awa biyu sai an juya Inna, kuma abin yana da ƙa'ida: hannu ɗaya a kafaɗa, ɗaya a ƙugu, a jira ta sauke numfashi sannan a ɗaga. Auta kaɗai ta iya, tana kuwa ji da kanta a kan haka.

Sai ciwo ya sallamo wa Auta. Ya fara da cinyoyi, ya hau ƙugu, ya zauna a gadon baya. Ta sha ƙwaya, ta shafa man zafi, duk a banza. Wata safiya ta ɗago Inna, ƙafafunta suka ƙi, su biyun suka zube ƙasa.

Babban wansu ya zo ya ƙare wa Auta kallo. "Ba kumburi, ba zazzaɓi, ko arba'in ba ki cika ba. In kin gaji ki ce kin gaji mana."

"Yaya, wallahi ƙashina ke ciwo."

"To zauna ki yi jinyar ƙashin."

A ranar ya tafi da Inna gidansa, tafiyar yini guda a mota. Maganar nan ta fi ciwon yi wa Auta zafi.

Da ɗakin ya zama fayau, ta samu sukunin zuwa asibiti. Likita ta duba sakamakon gwajin jini ta ce, "Baiwar Allah, yaushe rabonki da zama a rana?"

Auta ta buɗe baki, ta kasa tunawa.

"Bitamin D ɗinki ya yi ƙasa sosai. Fata ke samar da shi in rana ta taɓa ta. In ya yi ƙaranci, ƙashi da tsoka su yi ta ciwo."

Aka ba ta magani, aka ce ta riƙa shan hantsi. Ta yi kuka a hanya, don takaici: abin da ya raba ta da uwarta, rabin maganinsa na bakin ƙofa.

Sai bayan wata uku ƙugunta ya yarda da zaman mota. Ta tafi ɗauko Inna.

Matar Yaya ta yi bakin ƙoƙarinta, amma ma'aikaciya ce, safe da yamma kawai take samun juya ta. Bayan Inna duk ya yi gyambo, hankalinta ma ya soma gushewa. Auta ta sa hannu a kafaɗa da ƙugu, ta jira numfashi, ta tattaro duk sabon ƙarfinta ta ɗaga. Saura kaɗan ta faɗi ta baya. Ba sauran nauyi a jikin.

Inna ta dube ta kamar baƙuwa.

"'Yar nan, sauke ni kada ki ji ciwo. Autata ce ta iya ɗaukata, ita ma na karya ta."