Dunƙulen Ƙasa Daga Hanwa

Shekara goma sha ɗaya Abarshi yana duƙe a gonar gwaji ta Samaru, kowa ya san shi ne hedima, shugaban leburori, mai jiran gado. Kwatsam sai ga wani Felix daga Sabon Gari, da keke da farin gajeren wando, wai ya yi makaranta. Baturen gonar ya damƙa masa sabon gwajin wake, ya ce in ya yi kyau hedimanci nasa ne. Abarshi ya ji kamar ya haɗiyi garwashi. Kishi ne tsagwaronsa, ba wani abu ba.

Gwajin kuwa abin dariya. A dafa ƙasa a ganga sai duk mai rai a cikinta ya mutu, a cika tukwane, a shuka wake, a barbaɗa wasu ƙwayoyin halitta da aka kawo daga Turai, waɗanda ido ba ya gani. Wai su ke shiga saiwar wake su yi ƙululu su ciyar da ita. Doka ɗaya ce: kada ɗanyar ƙasa ta taɓa tukwanen.

To, ai an gaya wa Abarshi hanya. Ran Lahadi, Felix na coci, ya ɗebo ƙasa daga gonar wakensa ta Hanwa, ya marmasa a tukwane shida, ya tafi yana jiran su lalace.

Ina! Shidan nan suka yi kore shar, sauran kuwa rawaya-rawaya. Bature ya tumɓuke, ya tsaga ƙululun, cikinsu jawur. Ya yi makonni a kan madubinsa na duba ƙwayoyin halitta, sannan ya fito yana ta murna. Waɗannan ƙwayoyin ba na Turai ba ne, in ji shi, 'yan gida ne, saurin shiga saiwa gadonsu ne, sun riga baƙin sun kame wuri.

"Daga ina suka zo?"

"Ban sani ba, ranka ya daɗe," in ji Felix. Gaskiya ya faɗa, ɗan halas.

Nan take aka naɗa shi hedima, aka ce ya bi gonaki ya nemo asalinsu. Wa zai riƙe masa shebur? Abarshi, wanda in ya buɗe baki korarsa za a yi.

Da safe Felix ya jingine keke, ya rusuna. "Baba Abarshi, kai ka san ƙasar nan. Ta ina za mu fara?"

Abarshi ya daɗe yana duban hanyar Hanwa. Ya saɓa shebur, ya nuna wata hanya daban, ya ce, "Ta Basawa."